A Duba Kafireta Kafin a Sauke Injin RX-7

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin makanikai game da Mazda RX-7 ta farko, wadda ta fito a 1978 da injin 12A marar fistin. Tawa ta daɗe tana shaƙewa da safe, fulogi huɗun suna fitowa jiƙe da fetur, har wani bakanike ya ce injin ya mutu. Da muka kwance kafiretarta ƙirar Nikki, sai muka tarar allurar da ke tsayar da mai ta cinye, tiyon iska guda kuma ya tsage. Don Allah a auna matsin kowace rota (ƙarfe mai kusurwa uku da ke juyawa a cikin injin a madadin fistin) kafin a sauke inji, kuma kada a toshe famfon da ke ɗiga wa rota baƙin mai, domin in babu shi ƙarafan kusurwoyin rota cinyewa suke yi.

Naku,
Mai karatu daga Kano