A riƙa ba keke takarda kamar sauran kaya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana kan yadda ake ɗaukar keke a mota idan mutum zai yi ƙaura zuwa gari mai nisa. Ni mai gyaran keke ne a unguwar Yelwa, nan Garwa, sana'ar da na gada wurin mahaifina. Rumfata ba ta da nisa da inda motoci ke sauke fasinja, don haka ɓarnar da aka yi a saman mota, gabana take fara zuwa kafin mai ita ya kai gida.

Aikin ya fi yawa daga watan Agusta zuwa farkon Satumba, gab da komawa makaranta. A lokacin ne malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da na gona waɗanda aka canja wa wurin aiki ke kwasar iyali da komatsai. Wanda ya taso daga kudu, jirgin ƙasa zai kwana da shi daga Yawunde ya ajiye shi Ngaundere, inda layin dogo ya tsaya tun 1974 bai ƙara gaba ba. Daga nan sai mota: kusan kilomita 280 zuwa Garwa, wasu 200 da 'yan kai zuwa Marwa, mai zuwa Kusiri kuwa yana da sauran fiye da 250 a gabansa. Ke nan keke ɗaya zai bi ta hannun 'yan lodi kala-kala kafin ya isa, kowa da yadda zai jefa shi, ga shi kuma tsakiyar damina ne.

Abin da ke faruwa a saman mota ba ɓoyayye ba ne. Mai keke yakan zo da wuri don ya samu wuri mai kyau, sai keken ya zama shi ne kaya na farko da za a miƙa sama. A kwantar da shi a kan ƙarfen kariya, a bi shi da buhun masara, da akwatin ƙarfe, da katifa, wani lokaci har da babur, sannan a rufa tamfol a ja igiya. Igiyar nan kuma ta cikin sifoka, wato wayoyin gargaren taya, ake zura ta, don nan hannu ya fi saurin kaiwa. Ɗan lodi ya sa ƙafa ya taka, ya ja da iyakar ƙarfinsa. Tun mota ba ta bar tasha ba gargare ya fara karkacewa. Sai kuma a kama gangaren falez, inda hanya ke saukowa daga tudun Adamawa mai tsayin fiye da mita 1,000 zuwa kwarin Binuwai, kwana bayan kwana, kaya su zube hagu su dawo dama, duk nauyin a kan abin da ke ƙasa. Gargaren keke yana iya ɗaukar mutum da buhun gero in yana tsaye a kan tayarsa, domin haka aka ƙera shi. Amma in aka kwantar da shi aka danne ta gefe, ba shi da ƙarfin komai. Shi ya sa keken da ya yi shekaru yana dakon auduga bai lanƙwashe ba, tafiyar wuni ɗaya a saman mota sai ta gama da shi.

A damunar da ta wuce wani malamin firamare da aka ɗauke daga Meiganga zuwa wani ƙauye bayan garin Fitowa ya turo mini kekensa ƙirar Phoenix, yana ɗage da tayar gaba don ba ta juyawa. Gargare ya murɗe, fok ya matse, sandar birki ta karye, gidan kaca ya lotse. Na ce, "Malam, nawa suka karɓa na ɗaukar keken?" Ya ce jaka uku. Na ce, "Ina takardar?" Ya ce, "Baba, ai ba su ba ni komai ba, a hannu na ba yaron." Na rufe rumfa muka koma tasha tare. Mai sayar da tikiti ya ce shi kuɗin kujera ya sani. Direba ya ce shi tuƙi ne nasa. Yaron da ya karɓi kuɗin kuwa yana can Ngaundere, kuma ba wanda ya yarda ya san sunansa. Malamin nan bai kama albashin sabon wuri ba tukuna, makarantarsa tana nesa da kwalta, kuma da keken nan ya yi niyyar zuwa aiki ran Litinin. Na yi masa gyaran bashi. Fok ɗin sai da aka sa wani, don ƙarfen da ya lanƙwashe aka miƙar da shi ba na yarda in ɗora ɗan mutane a kai.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Jakar tufafi ana manna mata lamba a ba ka ɗaya ɓarin. Ɗan ƙunshin saƙo da za ka aika Marwa ana rubuta shi a littafi a ba ka rasit. Amma keke, wanda sau da yawa ya fi duk abin da ke cikin jakar tsada, ciniki ake yi a kansa a gindin mota tsakanin mai shi da ɗan lodi, a karɓi kuɗi a sa aljihu. Ba farashi tsayayye. Wanda ya iya ciniki ya biya kaɗan, baƙo ko mace mai goyo da ke sauri a tsuga musu. Kuma tunda ba takarda, ba wanda ya ɗauki alhaki. A addininmu da al'adarmu, wanda ya karɓi lada don ya kai kayan wani, amana ya karɓa. Ban ga dalilin da zai sa a cire keke daga wannan hukunci ba.

Wataƙila masu ajans, wato kamfanonin motocin fasinja, suna ganin keke abin da ne, zamaninsa ya wuce. To su leƙo rumfata. Tun da litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a watan Fabrairun 2023, ta sake hawa 840 a Fabrairun 2024, ga kuma zuwa-zuwa, fetur ɗin da ake shigo da shi daga Najeriya ta bayan fage, da muke dogaro da shi ya yi tsada bayan Najeriya ta janye tallafin mai a Mayun 2023, mutane da yawa sun jingine babur sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu. Kekunan da suka yi shekaru a rataye a zaure yanzu ana kawo mini su ina zuba musu boris da giris. Manomin auduga da shi yake zuwa gona, mai tallan burodi da shi yake zagaye, yarinyar da ke zuwa lise, wato sakandare, daga bayan gari da shi take kaucewa kuɗin mashin kullum. Mutumin da ya sauka a garin da bai san kowa ba, keken nan shi ne ƙafarsa.

Ba zan ɗora wa 'yan lodi laifin duka ba, don na san aikinsu. Yara ne masu neman na abinci, direba na danna musu oda, fasinja na yi musu tsawa, rana na dukansu a kan ƙarfe. Kuma gaskiya keken da aka kawo yadda yake, kaya ne mai wuyar sha'ani: kai ya baje, feda ta fito tana huda buhun mutane, ba ya kwanciya daidai ta kowane gefe. Don haka mai keke ma yana da nasa aikin, kuma tun jajibirin tafiya ya kamata ya yi shi, ba a tasha ba.

A fara cire feda da sifana mai lamba 15. A nan mutane da yawa ke lalata zaren ƙusar feda, domin fedar hagu a juye take: ta dama ana kwance ta kamar kowane noti, ta hagu kuwa sai an juya ta ta inda ake ɗaure sauran. Wanda bai sani ba sai ya yi ta ƙara tamke ta har zaren ya cinye. Sannan a sassauta ƙusar da ke tsakiyar kai, a ɗan ƙwanƙwasa ta da guduma ta sauka, a juya kan ya yi layi ɗaya da jikin keken. In irin Phoenix ko tsohon Raleigh ne mai birkin sanda, sai an fara kwance sandunan birkin, in ba haka ba za a lanƙwasa su da hannunka tun a gida. A sauke sirdi ƙasa. In za a cire tayar gaba, to lallai a yanko ɗan katako daidai faɗin bakin fok a cusa a tsakani a ɗaure, domin fok marar taya abu kaɗan ke matse shi. Tayar da aka cire a haɗa ta da jikin keken, a sa kwali a tsakani, a ɗaure da robar tsohon tub, wadda ta fi igiya don ba ta cin fenti kuma ba ta sakin jiki. Kwalin da 'yan shago ke zubarwa ya isa a rufe gefe da gefe. Masu keken giya su kula da ɗan ƙarfen nan da ke rataye a bayan kaca ta dama, shi ne ya fi komai rauni, don haka in za a kwantar da keken, gefen kaca ya kalli sama. A shafa wa kaca mai saboda ruwan sama. In tafiyar bazara ce, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a nan, a ɗan rage iskar taya.

Feda, notina, ƙararrawa, fitila da famfo, a zuba su a leda ɗaya a sa cikin jakar da ke hannunka. Kada a ɗaure ledar a jikin keken. Kuma ba na goyon bayan masu wargaza keke gaba ɗaya su zuba a buhu. Sukan iso da rabin boris, kofin kai ya ɓace, a ƙarshe kuɗin haɗawa ya fi kuɗin motar.

Akwai kuma maganar shaida. Kowane keken kamfani yana da lamba da aka buga a jikin ƙarfensa, galibi a ƙarƙashin inda feda ke juyawa ko kusa da gindin sirdi. A goge wurin a ɗauki hotonta da waya, a ɗauki hoton keken gaba ɗaya a gaban motar kafin a miƙa shi sama. Wanda yake da takardar saye ya riƙe ta a aljihu. Jandarma na iya tambaya a shingen hanya, mai haye gadar Ngeli zuwa Njamena ko mai shiga Najeriya ta wajen Yola kuma zai haɗu da 'yan duwan, wato kwastan. Hoton nan shi zai raba gardama in an sauke keken a karye aka ce dama haka ya zo.

Wasu kan ba da shawarar a sayar da keken kawai, in an isa a sayi wani. Ni ban yarda da wannan ba, sai dai in keken dama ya gaji. Mai sayarwa cikin gaggawa kowa ya san tafiya zai yi, don haka a wulaƙance za a taya. In ya isa can kuma, kuɗin ba zai saya masa irinsa ba. Tsofaffin kekunan nan masu taya inci 28 ƙarfensu daban ne da yawancin abin da ke shigowa kasuwa yanzu, ni da nake kwance su kullum na sani. Wanda ya gaji irin wannan wurin mahaifinsa, ya daure ya tafi da abinsa.

Roƙona ga masu ajans bai da tsada. A rubuta kuɗin ɗaukar keke a allo kusa da na kujera, gari da gari, kowa ya gani. A biya a wurin mai tikiti, a ba da rasit mai ɗauke da lambar keken da yanayin da aka karɓe shi. A manyan motoci masu ɗakin kaya a ƙasa, a tsayar da shi a jikin bango a ɗaure. A ƙananan da ke lodi a sama, keke ya zama na ƙarshen hawa, a kan katifa ko buhunan tufafi, igiya kuma ta bi ta jikin ƙarfe, kada ta taɓa sifoka. In ya karye a hannunsu, su biya gyara kamar yadda za su biya jakar da ta ɓata. Na tabbata mutane za su yarda su ƙara ɗari biyar a kan abin da suke bayarwa yanzu in sun san akwai wanda za su riƙe. Ƙungiyoyin direbobi da shugabannin tasha suna iya zartar da wannan a zama ɗaya, ba sai an jira doka daga Yawunde ba.

Ku kuma 'yan uwana masu ƙaura, kada ku miƙa keke ku shige mota ku zauna. Ku tsaya a ƙasa har a ja igiyar ƙarshe, ku yi wa yaron magana da daɗin baki, ku ce, "Ɗana, don Allah bar shi sai ƙarshe." Yawancinsu suna ji. A Ngaundere ko duk inda za a canja mota, ku sake tsayawa haka.

Ni a nawa ɓangaren, duk shugaban 'yan lodin da ya yarda a nan Garwa, zan zo da sifana da tsohon keke ranar Juma'a da hantsi in nuna wa yaransa yadda ake naɗe shi da inda igiya ke bi, ba tare da an biya ni ko dala ba. Na riga na yi magana da abokan sana'ata biyu a unguwar Rumde Ajiya sun ce za su zo tare da ni. Malam Edita, in kuna da wakili a wannan yanki, ku turo shi tasha a makon ƙarshe na Agusta ya tsaya ya ga yadda ake sauke kekunan da idonsa.

Wassalam.

Naku,
Mai gyaran keke,
Unguwar Yelwa, Garwa, Kamaru.