Kafin a sayi eyakwandishan mai ɓangare biyu: a auna ɗaki, a tsare mai haɗawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu ɗan fili a jaridarka mu ja hankalin masu karatu kan eyakwandishan ɗin nan mai ɓangare biyu, wanda ake maƙala kansa a bangon ɗaki, injinsa kuma a waje, ba tare da an ja manyan bututan iska ta cikin silin ba. Yawancin masu saye tambaya biyu suke yi: sunan wane kamfani ne a jiki, kuma ƙarfin doki nawa ne. Ba nan gizo ke saƙar ba. Na'ura komai sunanta, in ta yi wa ɗaki girma ko aka haɗa ta da ganganci, ciwon kai za ta zame wa mai ita.

Abin da ke haɗa na ciki da na waje kaɗan ne: bututan jan ƙarfe biyu, siriri da mai kauri, sai wayar wuta da tiyon zubar da ruwa, duka su bi ta rami ɗaya mai faɗin santimita 6 zuwa 8. Gas ɗin da ke zagayawa a bututan shi ke kwashe zafin ɗaki ya kai shi waje. Wadda ke iya ɗumamawa tana da wani bawul mai hanya huɗu a injin waje, wanda ke juya tafiyar gas ɗin, sai ta koma kwaso zafi daga iskar waje tana shigo da shi. Shi ya sa ake kiranta famfon zafi. Tunda ɗauko zafin take yi ba ƙirƙirarsa ba, kilowat 1 na wuta kan ba da ɗumin kilowat 3 zuwa 4 in sanyin waje bai yi tsanani ba, alhali hita mai waya in ta ci kilowat 1, ɗumin kilowat 1 za ta bayar, ba ƙari.

To amma ba kowace ce ke da wannan bawul ba, kuma a ido kamarsu ɗaya. Kada a dogara da alamar rana da ke jikin rimot, domin wasu kamfanoni rimot iri ɗaya suke sa wa duk na'urorinsu. A duba farantin da ke manne a gefen injin waje. In tana ɗumamawa za a ga adadi biyu, ƙarfin sanyayawa da ƙarfin ɗumamawa. In ɗaya ne kawai, sanyi kaɗai take yi, ko me mai shago ya ce.

Sai batun girma. Ƙarfin doki ba ma'auni ne tsayayye ba, kowane kamfani da yadda yake laƙaba shi. A nemi BTU ko kilowat, waɗanda a nan ma'aunin ƙarfin sanyayawa ne, ba na cin wuta ba. BTU 12,000 daidai yake da kilowat 3.5, shi ake yawan kira doki ɗaya da rabi. BTU 9,000 kusan kilowat 2.6 ne, 18,000 kusan 5.3, 24,000 kuma kusan 7. Don ƙiyasin farko, a ba kowane murabba'in mita wat 100 zuwa 150. Ɗaki mai mita 4 sau 5 murabba'in mita 20 ke nan, yana neman wat 2,000 zuwa 3,000, wato mai BTU 9,000 za ta riƙe shi in yana da silin mai kyau kuma rana ba ta dukansa sosai. Idan a saman bene yake ƙarƙashin kwano, ko yana da manyan tagogin gilashi da ke kallon yamma, ko tsayin silin ya wuce mita 3, ko kuma jama'a na taruwa a ciki, a hau zuwa 12,000. Mutum ɗaya a zaune yana fitar da zafin kusan wat 100, don haka falon da mutum takwas ke hira a ciki ya ƙaru da wat 800 tun ba a kunna talabijin ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sayi babba don a huta. Babbar na'ura a ƙaramin ɗaki takan sauke zafi cikin 'yan mintuna ta tsaya, jim kaɗan ta sake tashi. Wannan tashi da tsayawa shi ke gajiyar da kwamfuresa, wato abin da ke matsa gas ya zagaya da shi, ya kuma ci wuta. Sannan laimar iska ba ta fita sai na'ura ta daɗe tana aiki har raɓa ta taru a jikin ƙarafan ciki ta gangara tiyo. In ba ta samu wannan lokaci ba, ɗaki zai yi sanyi amma jiki na danƙo, tufafi na warin ruma. Ƙarama kuwa ba ta hutawa, kuma a ranar da aka fi bukatarta a ranar za ta gaza.

Mai inbata ta fi, a ganinmu ba ma abin jayayya ba ne ga wanda zai riƙa kunnawa sa'o'i da yawa. Kwamfuresarta na rage gudu da ƙarawa gwargwadon bukata maimakon ta mutu ta tashi. Sai dai ita ma akwai iyakar da ba ta iya sauka ƙasa da ita, kuma takardar bayani kan nuna mafi ƙanƙanta da mafi girman ƙarfinta. Wadda ta fi iya sauka ƙasa ita ta fi daɗin kwana, domin da dare bukatar ɗaki kaɗan ce. Rauninta ɗaya ne: allon lantarkin da ke cikin injin waje ba ya jure wutar da ke hawa da sauka, don haka a sa mata abin kariya daga tsallen wuta.

Adadin da aka rubuta da manyan baƙi a kwali a wani yanayi na musamman aka auna shi. Ƙarfin sanyayawa ana gwada shi ne zafin waje na digiri 35, na ɗumamawa kuma a digiri 7. Da zarar yanayi ya wuce nan, ƙarfi zai fara raguwa. Wanda ke zaune inda zafi ke haura digiri 40 ya nemi mai alamar T3, wadda ake gwadawa a digiri 46. Wanda ke inda ruwa ke daskarewa kuwa ya nemi jadawalin da ke nuna ɗumin da take bayarwa a digiri 5 da 15 ƙasa da sifili, ya zaɓa da wannan adadi. Akwai waɗanda aka ƙera don tsananin sanyi da ke aiki har digiri 25 ƙasa da sifili, amma gama-gari tun kafin nan ta sare. A irin wannan wuri bukatar ɗumi ce ke yanke girman na'ura.

Wani abu da ke tsorata sababbin masu ita a hunturu: ana cikin ɗumi sai fankar ciki ta tsaya, a ji huci a bututu, a leƙa waje a ga tururi na tashi ruwa na zuba. Lafiyarta ƙalau. Ƙanƙara ce ta kama ƙarafan waje, sai na'urar ta juya aiki na 'yan mintuna ta narkar da ita. Abin lura shi ne ruwan ya samu inda zai bi. A ɗaga injin daga ƙasa sama da inda dusar ƙanƙara ke kaiwa, a kuma zaɓi mai ɗan hita a tiren ƙasa, in ba haka ba ruwan zai daskare ya taru har fanka ta riƙa dukansa.

Kan cin wuta, a kwatanta lambobin tattalin wuta da kamfani ya rubuta, wato SEER na sanyayawa da SCOP ko HSPF na ɗumamawa, mafi girma shi ya fi tattali. A kula kawai, ma'aunin Turai da na Amurka ba lissafi ɗaya ba ne, kada a gwama su. Gas kuma, a guji R22, an daɗe da fara kawar da shi ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarsa ga lemar sararin samaniya. R410A ma ana janye shi sannu a hankali tun gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a Kigali a 2016, domin ƙarfinsa na ɗumama duniya ya kai kusan ninki uku na R32. Shi R32 yana ɗan kama wuta, don haka ba a kusantar da shi da harshen walda, ba a kuma cakuɗa wani gas da wani.

Mai ɗakuna da yawa zai iya haɗa kai biyu zuwa biyar a injin waje ɗaya. Yana rage tarkace a bango, amma da sharaɗi. Duk kawunan aiki ɗaya za su yi, ba zai yiwu wannan na sanyi wancan na ɗumi ba. In injin ya lalace, gida duka ya tsaya. Kuma babban inji ba ya iya rage gudu daidai bukatar ƙaramin ɗaki ɗaya da tsakar dare. In akwai wurin ajiyewa, kowane ɗaki da nasa ya fi. Kada kuma a sa ran kai ɗaya a falo zai wadaci ɗakunan da ƙofofinsu ke rufe, iska ba ta ratsa bango. Inda ɗumi ya fi muhimmanci, samfurin da ake ajiyewa ƙasa-ƙasa jikin bango ya fi na sama, tunda iska mai zafi sama take yi.

Na bango a bar masa aƙalla santimita 15 tsakaninsa da silin, domin ta sama yake shaƙar iska. Kada ya fuskanci gado kai tsaye, kada a ɗora shi saman talabijin, ranar da tiyo ya toshe a kanta ruwa zai zubo. Ramin bango a karkata shi ƙasa ta waje, tiyo ya gangara ba tare da ya yi ciki ko ya hau ba. Injin waje a ba shi kamar santimita 30 ta baya da fili sosai ta gaba, a sa roba a ƙafafunsa saboda girgiza. Wanda aka cusa a lungu iskar da ya fitar ita zai sake shaƙa.

Yanzu ga inda yawancin na'urori ke samun ajalinsu, wato ranar haɗawa. Bakin bututu ana buɗa shi ne kamar mazurari a ɗaure da noti, kuma galibin yoyon gas a nan yake. A yanka bututu da abin yankansa, ban da zarto. A kankare bakin yana kallon ƙasa don kada ɓurɓushi ya faɗa ciki. A ɗaure da sifana mai auna ƙarfi: siririn mai kwatan inci kan nemi Nm 14 zuwa 18 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), mai 3/8 kuma 34 zuwa 42. In an sassauta zai yi yoyo, in an matse fiye da kima bakin zai tsage, wani lokaci sai bayan watanni ya nuna. Bayan ɗauri a cika bututan da naitirojin zuwa matsin da littafin na'urar ya faɗa, a shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa, a ga ko allurar geji za ta sauka.

Daga nan sai injin zuƙe iska. A ja iskar cikin bututan har ma'aunin matsin da ya rage ya kai maikiron 500 ko ƙasa, a rufe, a jira minti 10 zuwa 15 a ga bai hau ba, sannan a buɗe bawul gas ya shiga. Mai haɗawar da ya zo ba shi da wannan inji, ya ce zai ɗan saki gas ya kore iska, a sallame shi cikin mutunci. Wannan dabara ba ta fitar da laima, kuma laima in ta haɗu da man kwamfuresa takan zama asid mai cin rufin wayoyin ciki. Na'urar za ta yi sanyi a ranar, a biya shi ya tafi, ɓarnar sai daga baya. Araha ba ta ado.

Gas ɗin da ke zuwa cikin injin na bututu ne mai tsawon mita 5 zuwa 7.5, ya danganta da kamfani. In an wuce haka a ƙara da sikeli, galibi giram 15 zuwa 20 kan kowace mita, ba da ƙiyasin hannu ba. Bututun kuma kada ya gaza kamar mita 3, don ƙarar kwamfuresa kada ta biyo shi ɗaki. Kowane bututu a sa masa soson rufi nasa daban har bakin noti, inda aka bari tsirara zai yi gumi ya ɓata bango. Wuta a ja mata layinta daga allo, da birekarta da wayar ƙasa, kaurin waya yadda littafi ya ce. Mazauna bakin teku su nemi mai fentin kariya a ƙarafan waje, gishiri na cin alminiyom.

Kafin mai haɗawa ya tafi, a kunna sanyi na minti 15 a auna iskar da ke shiga da wadda ke fita, bambancin ya kai digiri 8 ko fiye. A juya zuwa ɗumi, ko da rani ne, a ji bawul ya amsa, sai dai in zafin waje ya sa ta ƙi. A zuba kofin ruwa a tiren ciki a ga ya fita waje. A rubuta tsawon bututu da gas ɗin da aka ƙara a ajiye tare da takardar garanti.

Abin da ya rage na mai gida ne. Filta a wanke ta duk mako 2 zuwa 4, ta bushe kafin a mayar, in ta toshe ƙarafan ciki kan yi ƙanƙara har a zaci gas ne ya ƙare. Gas ba ya ƙarewa kamar man mota, zagayawa yake a rufe. In ya ragu akwai inda yake fita, a nemo wurin a gyara kafin a ƙara. A hunturu a sa ta kan ɗumi kai tsaye, domin in aka bar ta ta zaɓa da kanta, rana na shigowa ta taga sai ta koma sanyi. Kuma iskar ɗakin take juyawa, ba ta kawo sabuwa daga waje, don haka a riƙa buɗe taga na ɗan lokaci kowace rana.

Wassalam.

Naka,
Wasu masu sana'ar haɗa eyakwandishan da gyaransa