Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinar Mata Da Ƙananan Yara Ta Jihar Kano: Rigar Da Ta Hana Yarinya Tsallake Kwata

Assalamu alaikum, Hajiya. Ranki ya daɗe.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya fama da jama'a? Allah Ya taya ki riƙo. Ni tela ce, ina da ɗan shago a Ɗorayi, keke uku da yara huɗu masu koyo. Shekara goma sha tara ke nan ina taka keke, kuma rabin abin da nake sa wa a bakin salati daga ɗinkin ƙananan yara yake fitowa. Ban saba rubuta wa manya wasiƙa ba. Wata yarinya da na auna a azumin da ya wuce ce ta sa na yi wannan karambanin.

Shekararta shida. Uwarta ta zo da ita bayan la'asar, da leshi yadi uku a leda, ta buɗe waya ta nuna mini hoton wata amarya a wurin dina. "Irin wannan nake so, sak." Sama koset mai ƙarafuna, ƙasa siket ɗin nan da ke kama gwiwa sannan ya baje, ga wutsiya tana ja a baya. Na zagaya tef a cikin yarinyar, uwar ta ce, "Ƙara matsewa, ba ma son buhu." Kafin in motsa hannuna, yarinyar da kanta ta ja numfashi ta shafe cikinta, ta tsaya ƙiƙam tana jira in karanta lamba. Ba wanda ya ce mata ta yi. Ta riga ta ga yadda manya suke yi a gaban tela. Na ce, "Hajiya, yaya za ta zauna a cikin wannan?" Ta ce, "Ai hoto kawai za a yi."

Na ɗinka, ranki ya daɗe. Ba zan yi miki ƙarya ba. In na ƙi, akwai teloli biyar a layinmu da za su karɓa, kuma kuɗin ɗinkin Sallah shi ne kuɗin hayar shagona na shekara. Washegarin Sallah kuwa sai ga ta a bakin titi cikin ayarin yaran gidansu, za su yawon barka da Sallah. Mazan sun ruga, sun yi nisa. Ita tana tafe kamar kazar da aka ɗaure wa ƙafa, takalmi mai tsini a hannu, gashin doki har gadon baya, gashin ido ɗaya ya fara ɓallewa. Da suka iso wata 'yar kwata da ɗan shekara uku ma zai tsallake, sai ta tsaya, ta duba hagu ta duba dama, ta fashe da kuka. Wani mai rake ne ya ɗaga ta ya sauke a ɗaya gefen. Ɗinkina ne, zarena ne, kuma ya zauna a jikinta yadda uwar ta so.

Ba na cewa da can komai daidai yake. Amma na tuna kayan Sallarmu: riga da zani na atamfa, ko riga da siket mai lastik, tela ya bar kalmasa mai faɗi a ƙasa don a warware ta baɗi idan an yi tsawo. Kwalli, lalle a tafin hannu, ɗan kunne, tabarau na roba da 'yar jaka. A cikinsu muke zuwa kallon hawan Daushe, a cikinsu muke gaɗa da carafke har magariba. Ana auna yarinya ne da tunanin za ta girma kuma za ta yi guje-guje. Yanzu ana auna ta ne da tunanin yadda za ta fito a Instagram da TikTok, hoton da 'yan uwan uwar da kishiyoyinta za su gani. Yawancin wannan kwalliyar, in za a faɗi gaskiya, gasa ce tsakanin iyaye mata, yarinyar allon talla ce kawai.

Ba teloli kaɗai ba ne. Ki shiga Kantin Kwari ko Sabon Gari ana saura mako biyu Sallah, ki duba ɗinkakkun kayan yara da ake shigowa da su daga Sin da Turkiyya. Da yawa ɗinkin manya ne aka rage masa girma: baya a buɗe, kafaɗa a waje, tsaga har sama. A gwanjon Ƙofar Wambai kuma akwai ƙananan riguna masu rubutun Turanci a gaba, wanda da uban yarinyar ya san fassararsa, da ko tsumman goge babur ba zai yi da ita ba. Uwa mai neman riga sakakkiya mai sauƙin kuɗi, wadda 'yarta za ta sha iska a zafin Afrilu, sai ta zagaya ta gaji.

Inda abin ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne fatin yaye ɗalibai na makarantu masu zaman kansu. Yarinya ta gama nazare, ko sunanta ba ta gama iya rubutawa ba, a aiko wa iyaye takarda: kuɗin fati, kuɗin anko, kuɗin hoto. Wata makaranta a yankinmu har mai kwalliya ta ɗauko, aka jera yara a benci ana shafa musu hoda da jan baki kamar ƙawayen amarya. Maƙwabciyata mai sayar da awara sai da ta ci adashenta tun kafin lokaci don kada 'yarta ta zama saniyar ware a cikin hoto. A 2025 gwamnatin Jihar Imo ta hana irin wannan fatin ga 'yan nazare. Masu cewa wannan duk wayewa ce kuma, su sani Faransa, inda ake yi wa kallon uwar gayu, tun 2014 ta haramta gasar sarauniyar kyau ga yaran da ba su kai shekara 13 ba. A nan gwamnati tana da ta cewa ba tare da ta shiga ɗakin kowa ba, domin makarantun nan da izininta suke aiki.

Daga tufafi abin yana gangarowa fata. Tela tana ganin abin da kowa ba ya gani, don ita ke ɗaga hannun yaro ta auna. Ina ganin 'yan shekara biyar da fuska fara sol, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, wuya ya yi dabbare-dabbare. Idan na tambaya sai a ce, "Ɗan haɗi ne na yara, ba mai ƙarfi ba ne, don kayan su karɓe ta." A 2023 hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan, saboda irin sinadaran da ke cikin mayukan, masu sa fata ta yi laushi har rauni ya ƙi warkewa, wasu kuma su taɓa ƙoda. Manya ake yi wa wannan gargaɗin. To ina ga fatar da ba ta gama ƙwari ba?

Akwai ɗaya ɓangaren da ba a cika son ji ba. Hijabin da ke share ƙasa a jikin 'yar shekara huɗu, shi ma ba awonta ba ne. Tana takawa tana faɗuwa, kuma duk wanda ya taɓa ganin gefen hijabi ya naɗe a tayar babur, uba na tuƙi bai sani ba, ba zai so ya sake gani ba. Ƙaramin hijabi iya gwiwa ya wadatar da ita zuwa Islamiyya.

Sai dai ina roƙon kada wani ya ɗauki maganata ya juya ta. Ban ce riga ce ke jawo wa yarinya fyaɗe ba. Yaran da ake lalatawa a garin nan, da masu hijabi, da masu kayan makaranta, da waɗanda ke cikin zanin goyo, duk akwai. Laifin na mugun ne shi kaɗai. Ban kuma ce a saki jami'ai su tare yara a hanyar gidan namun daji ranar Sallah ba. Yarinya ba ita ta zaɓi yayin ba, ba ita ta biya tela ba. A 2021 Hisbah ta hana mu ajiye mutum-mutumin tallar kaya a shaguna. Wasu sun cire kawunan, wasu sun kai su ciki, amma yayin bai fasa shigowa ba, don ba ta ƙofar shago yake shigowa ba, ta waya yake zuwa a hannun uwa.

Kano ta samu dokar kare haƙƙin yara a watan Mayun 2023, shekara ashirin bayan ta tarayya ta 2003, kuma ma'aikatarki ce uwar wannan doka. Abin da nake nema bai kai girman dokar ba. Ki zauna da hukumar da ke kula da makarantu masu zaman kansu, a ce duk bikin da za a yi wa 'yan nazare da firamare a yi shi cikin kayan makaranta, babu anko, babu mai kwalliya. Wannan kaɗai zai sauke wa dubban iyaye nauyi. Sannan ki kira shugabannin ƙungiyoyin teloli, maza da mata, mu yi magana da murya ɗaya, domin ranar da duk layinmu ya ce ba ya sa wa 'yar shekara shida koset, ni ma zan iya cewa a'a ba tare da na rasa kuɗin haya ba. Cibiyoyin koyar da mata sana'a kuma su riƙa koyar da yankan kayan yara daban, don yawancinmu ɗinkin manya muka koya, muna rage inci kawai. In za a yi faɗakarwa a rediyo, a fara tun Sha'aban. Zuwa goman ƙarshe na azumi an riga an yanka yadi.

Idan kina son gani da idonki, ki zo shago irin nawa a tsakiyar azumi, ba da jiniya ba, ki zauna a bencin masu jira na awa ɗaya ki ga hotunan da ake miƙo mana. Uwar yarinyar nan ma ta riga ta aiko da saƙo cewa in ajiye mata layi bana, ta ce ƙanwar ta isa a yi musu iri ɗaya. Ƙanwar shekararta huɗu. Har yanzu ban ba ta amsa ba.

Na gode, ranki ya daɗe. Allah Ya raya mana zuri'a.

Taki,
Wata tela daga Ɗorayi, Kano