Amsa ga Wanda Ya Tambaye Ni Game da Kundin Dream Theater na 2013

Assalamu alaikum, ɗan'uwa.

Ka tambaye ni a bainar jama'a cewa, idan ƙungiyar makaɗa ta shekara 28 tana aiki, sannan ta rasa sunan da za ta raɗa wa kundinta na 12 sai nata, ashe ba alamar basira ta ƙare ba ce? Kana nufin kundin da Dream Theater, 'yan Amurkan nan masu kiɗan metal mai sarƙaƙiya, suka fitar a watan Satumba na 2013 a ƙarƙashin kamfanin Roadrunner. Ban yarda da kai ba, kuma dalilina yana kan kujerar makaɗin ganguna.

Mike Portnoy, makaɗin gangunan ƙungiyar, yana cikin mutum 3 da suka kafa ƙungiyar a 1985, lokacin da suke ɗalibai a kwalejin kiɗa ta Berklee da ke Boston, kuma shi ne bakinta a wajen masoya. Da ya fita a 2010, da yawa sun ɗauka cewa gidan ya rushe. Mike Mangini, wanda ya gaje shi, ya buga ganguna a kundin 2011, amma sai da aka gama tsara waƙoƙin ya shigo. A na 2013 ne aka zauna da shi tun daga tushe. Saboda haka, a fahimtata, sunan amsa ce ga masu cewa babu Dream Theater idan babu Portnoy.

Idan kana son hujja daga kiɗan kansa, saurari waƙar ƙarshe, "Illumination Theory", mai tsawon minti 22. A tsakiyarta jita da ganguna suna yin tsit, gogen Turawa su karɓi fage na 'yan mintuna cikin sanyi, sai jitar bes ta John Myung ta dawo tare da gangunan Mangini, mawaƙin ƙungiyar James LaBrie kuma ya ɗaga murya har ƙololuwa. Wanda basirarsa ta ƙafe ba ya iya wannan ginin. Haka kuma "The Enemy Inside", wadda bidiyonta ya taɓo firgicin da ke bin sojoji bayan yaƙi, ta shiga takarar Grammy, babbar lambar yabo ta kiɗa a Amurka, kundin kuma ya fara da matsayi na 7 a jadawalin Billboard na kundayen da suka fi kasuwa a Amurka.

Sai dai ba zan ɓoye maka ba, akwai inda nake da ƙorafi. John Petrucci, mai jita kuma mai kula da ɗaukar sautin, ya bar gangunan sun fito a bushe, kamar na'ura ce ke bugawa, alhali an yi kundin ne don a nuna hannun sabon makaɗi. Portnoy ya koma kujerarsa a watan Oktoba na 2023, amma har yanzu idan na kunna kundin, wannan bushewar ce take fara damuna.

Wassalam.