Wasiƙa zuwa ga ɗana da ya tare a garin kan duwatsu

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Saƙonka ya iso, mun ga hoton ɗakin da ka kama. Tunda ka zaɓi zama a wannan ƙaramin gari a ƙasar mutane, kana yi wa kamfaninku aiki ta intanet, ba zan hana ka ba, Allah ya sa albarka. Sai dai ka saurare ni.

Ka fara gyara takardunka. A ƙasashe da yawa bizar yawon buɗe ido ba ta ba mutum izinin aiki, ko da daga waje albashinsa ke zuwa. Shi ya sa Estoniya a 2020, da Fotugal a 2022, da Sifaniya a 2023 suka fito da biza ta musamman don masu aiki daga nesa. Ka taka da ƙafarka zuwa ofishin shige da fice ka tambayi matsayinka, ban da dogaro da jita-jitar 'yan'uwanka baƙi. Ka tambaya har da haraji, don a wurare da dama wanda ya yi kwana 183 cikin shekara ya shiga sahun masu biya.

Ciwon kan da ka ce yana damunka, da rashin barci, tudun ne ke gaishe ka. Daga wajen mita 2,500 zuwa sama iska takan yi ƙaranci, jiki kuma yana bukatar 'yan kwanaki kafin ya saba. Ka sha ruwa, ka rage gaggawa. Amma in ka ga kana haki alhali a zaune kake, ko kana tangaɗi in ka miƙe, kada ka jira gari ya waye, a sauko da kai ƙasa a kai ka asibiti. Ruwan sha ma ka bar shi ya yi minti 3 yana tafasa, domin a can sama yakan tafasa tun bai yi zafin da ka sani ba. Abin da ya fi tayar wa mahaifiyarka hankali shi ne sanyin dare. Komai tsananinsa, kada ka rufe ƙofa da taga ka kwana da garwashi a ɗaki. Gubar da ke fita daga gawayi ba ta da wari, mutum yana barci take ɗauke shi.

Batun aiki ka fi ni sani. Na dai san wuta da sabis a irin waɗannan wurare ba su da alkawari, musamman da damina, lokacin da ƙasa kan zaftare ta tsinke waya ta toshe hanya. Ka riƙe layi biyu na kamfani daban-daban, da batirin ajiya, ka kuma gaya wa shugabanka gaskiyar inda kake tun kafin ranar da za a neme ka a rasa.

Wanda ya fi damuna shi ne agogonka. Ka ce saboda bambancin lokaci sai dare kuke taro, ka wuni kana barci. To yaushe mutanen gari za su san fuskarka? Kuɗinka daga nesa suke zuwa, amma ranar da zazzaɓi ya kayar da kai kuma hanya ta toshe, ba kamfanin ne zai ɗauke ka ba, maƙwabcin nan ne mai tsohuwar mota. Ka fito da safe ko na awa ɗaya ne. Ka koyi gaisuwa da harshensu, ko za su yi maka dariya. Dariyar ma sabo ce. In an yi rasuwa a unguwa ka je, ka zauna inda aka nuna maka. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton tsohuwa a gonarta ba ka tambaye ta ba.

Sai kuɗi. Mai yiwuwa abin da kake samu a wata ya ninka na malamin makarantar garin. In duk abin da aka yanka maka na haya ka miƙa ba ciniki, kana ganin kirki ka yi, gobe mai gida zai tashi ɗan gari ya nemo irinka, kuma da sunanka za a riƙa ba da labarin. Ka bincika abin da mutane ke biya, ka biya daidai, alherin da kake son yi ka yi shi ta wata hanya a ɓoye. Rigimar fili da siyasar gari kuwa ba ruwanka, ko an ja ka a baki. Baƙo raɓa ne, su kuma da juna za su ci gaba da zama.

In za ka amsa, ka turo mini lambar mai gidanka da ta wani maƙwabci ɗaya, ka kuma gaya mini awa nawa ne daga ɗakinka zuwa asibiti mafi kusa. Mahaifiyarka ta ce ka sayi bargo na biyu, wanda ta gani a hoton bai gamsar da ita ba.

Allah ya tsare, ya yi maka albarka.

Mahaifinka.