Godiya ga shagon gyaran kwamfuta na hanyar Wadata, da yarinyar da ta buɗe min lissafin marayu

Assalamu alaikum.

Zuwa ga mai shagon gyaran kwamfuta da ke kan hanyar kasuwar Wadata a nan Yamai, da yaran da ke aiki a hannunsa, musamman yarinyar da ke zaune a teburin ƙurya. Na yi muku godiya da baki ranar da na bar shagonku, amma da na koma gida na zauna sai na ga ba ta isa ba. Shi ya sa na rubuta wannan a inda jama'a za su gani.

Sai na fara faɗin abin da ke cikin kwamfutar, in ba haka ba, ba wanda zai gane abin da ya hana dattijo mai shekara 64 barci a kan kalmomi biyu na Faransanci.

Ƙanena ya rasu a Tawa a shekarar 2016. Ya bar 'ya'ya 4, da shaguna 2 a kasuwa, da gida ɗaya da ake haya. Dangi suka zauna suka ɗora min riƙon dukiyar, don ni ne babba, kuma na yi shekaru ina koyar da lissafi kafin in yi ritaya. Tun daga ranar, ko dala ɗaya ce ta shigo ko ta fita, sai na rubuta ta a wata manhajar lissafin kuɗin gida da ɗana ya saka min kafin ya tafi aiki Abijan. Kuɗin haya, kuɗin makaranta, magani, ɗinkin salla, buhun hatsi, gyaran rufin da damina ta yaye, duk suna ciki da kwanan wata. Kowace Juma'a bayan la'asar ina jona faifan ajiya na waje, wanda muke ce wa diskidur, in sa manhajar ta zuba kwafin lissafin a ciki. Shekara 9 ban fasa ba sai ranar da nake kwance ba lafiya.

Yanzu babban yaron ya kawo ƙarfi, yana karatu a Jami'ar Abdou Moumouni, dangi kuma sun sa ranar da za mu haɗu a Tawa in miƙa masa abin da ke hannuna in yi bayanin sauran. Allah ya umarce mu a Suratun Nisa'i da mu kafa shaidu in za mu mayar wa marayu dukiyarsu. Shaidun mutane suna nan. Amma abin da zan buɗe in ce ga inda kuɗin watan kaza na shekarar kaza suka tafi, yana cikin fayil ɗin nan ne kaɗai.

A watan Oktoba na 2025 ɗana ya kira ni ya ce daga ranar 14 ga watan an daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta, gara in koma Windows 11 tunda kwamfutata za ta iya ɗauka. Na kai ta wani wuri, aka goge ɓangaren C na faifan cikin kwamfutar, inda Windows take, aka saka sabuwa. Fayil ɗina yana ɓangaren D, bai taɓu ba. Aka mayar da manhajar, na buɗe, komai na nan. Na yi hamdala. Ranar Juma'a na jona faifai kamar yadda na saba, na danna wurin ajiye kwafi, sai wani ɗan akwati ya fito: « Accès refusé ». An hana ni shiga. Na sake, haka. Na ce to bari in ajiye a dosiyen Documents na cikin kwamfutar, nan ma haka. Na je in buɗe dosiyen da ke cikin faifan, inda tsoffin kwafina na shekara 9 suke, ya ƙi buɗuwa. Gumi ya keto min. Kwamfutata, faifaina da na saya da kuɗina, sunana a rubuce a kan allo, amma an ce ba ni da izini.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne lissafin marayun ya koma kwafi ɗaya tak, a cikin na'ura mai shekara 6, a garin da ake ɗauke wuta ba sallama, ga zafi ga ƙura. In faifan ciki ya mutu a daren nan, da wane baki zan tsaya gaban matar ƙanena?

Na koma wurin wanda ya saka min Windows. Ko ɗaga kai bai yi daga wayarsa ba, ya ce shi aikinsa ya yi kyau, matsalar daga manhajata ce. Wuri na biyu wani saurayi ya karɓa, ya buɗe manhajar a matsayin mai gudanarwa, wato da iko mafi girma a kan kwamfutar, saƙon ya sake fitowa, sai ya ce faifan ne ya lalace, a goge shi kaf ya dawo sabo. Na ce masa abin da ke ciki fa? Ya ɗaga kafaɗa ya ce ai dama ba ya buɗuwa. Hannunsa na kan linzami lokacin da na zare igiyar. Wuri na uku suka ce birus ne tun ba su kunna ta ba, in bar ta mako ɗaya, in kawo jika 15, in kuma rubuta musu kalmar sirrina a takarda. Kalmar sirrin da ke buɗe dukiyar marayu, in bar ta a kan teburin da kowa ke jingina! Na ɗauki kayana na fito. Mako 3 na yi a haka, ina biyan taksi daga Bukoki zuwa nan, zuwa can, kowace Juma'a ta zo ta wuce ba kwafi.

Wani maƙwabcina mai sayar da kayan gini ne ya ce in gwada shagonku. Na zo da rana tsaka, raina a ɓace, kuma ba zan ɓoye ba, da maigidan ya nuna min yarinyar ya ce ita za ta duba, zuciyata ba ta kwanta ba. Na ga ba ta wuce sa'ar 'yata ta uku ba. Na yi kuskure, kuma ina so ta ji na faɗa a bainar jama'a.

Ta tashi ta ba ni kujerarta, ta jawo benci ta zauna. Ta ce, "Baba, kafin in taɓa komai, ba ni labari tun daga farko. Yaushe ne rana ta ƙarshe da ya yi aiki, me kuma aka canja bayan nan?" Cikin mako 3 ba wanda ya yi min wannan tambayar. Na ba ta labari, tana ji, ba ta katse ni ba. Da na gama sai ta ɗauko wani sabon kile, ɗan ƙaramin faifan ajiya na USB, daga aljihun tebur ta jona. Ta ce in buɗe manhajar da hannuna. Da na zo rubuta kalmar sirri, ta juya fuskarta wajen bango, ba tare da na ce ta juya ba. Sannan ta ce in ajiye kwafin a kan kilen. Na danna. Ya shiga. Ko minti 5 ba mu yi da zama ba.

Ta ce, "To Baba, yanzu kwafi biyu gare ka. Lissafinka lafiya lau, manhajarka lafiya lau. Sha ruwa, sauran aikin ba na gaggawa ba ne." Wallahi sai da na kau da kai don kada yaran shagon su ga idona.

Bayanin da ta yi min daga nan, ni da na yi shekaru a gaban allo, na san koyarwa in na gan ta. Ta ce Windows ba da suna take gane mutum ba, da lamba take gane shi. Duk asusun da aka buɗe a kwamfuta ana ba shi wata doguwar lamba tasa shi kaɗai. In aka goge Windows aka sake sakawa, ko da an rubuta sunanka harafi da harafi kamar da, lambar sabuwa ce, don haka a wurin na'urar kai baƙo ne. Ta danna dosiyen faifan da maɓallin dama, ta shiga Propriétés, ta shiga Sécurité, sai ga shi a rubuce: « Compte inconnu », wato asusun da ba a sani ba, da lamba mai farawa da S-1-5-21. Ta ce, "Ga ka nan, Baba, kai na da. Shi kaɗai aka ba makullin ɗakin nan." Nan take na tuna. Ɗana ne ya kulle dosiyen a shekarun baya, saboda jikoki na ɗaukar faifan suna zuba fina-finai, ya sa asusuna kaɗai ke iya buɗe shi. Kullen ya yi aikinsa daidai, mai makullin ne aka share. Ta ce shi ya sa buɗe manhajar a matsayin mai gudanarwa bai yi amfani ba, don ko sunan masu gudanarwa babu a jerin waɗanda aka ba izini.

Na tambaye ta me ya sa kilen bai hana ni ba. Ta ce babban faifan an tsara shi da NTFS, tsarin da ke riƙe sunan mai kowane dosiye da wanda aka yarje wa. Ƙananan kile kuwa yawanci FAT32 ne ko exFAT, ba su san mai abu ba, duk wanda ya jona ya shiga. Ta ƙara da cewa wannan sauƙin shi ne kuma haɗarinsa, in adana kilen kamar yadda nake adana takardar gida.

Gyaran kansa bai ɗauki lokaci ba. Ta shiga Avancé, ta canja Propriétaire, wato mai dosiyen, zuwa sabon asusuna, ta sa alama a wurin da ke cewa canjin ya bi duk abin da ke ƙarƙashin dosiyen, sannan ta ba asusuna Contrôle total, wato cikakken iko. Dosiye ya buɗe. Kwafina na tun 2016 suna jere, ko ɗaya bai ɓata ba. Su ne waɗanda saura ƙiris a goge a wuri na biyu.

Na ɗauka mun gama, ita ta ce saura na Documents, wannan kuma daban ne. Ta buɗe Sécurité Windows ta nuna min tarihin abubuwan da aka tare, sai ga sunan manhajata a ciki sau da yawa, da ranakun da na yi ta gwadawa. Ashe akwai wani mai gadi da ake kira accès contrôlé aux dossiers, wanda ke cikin Windows tun 2017. Aikinsa hana manhajojin da bai sani ba rubutu a Documents da Images da makamantansu, saboda irin birus ɗin nan da ke kulle fayilolin mutum a ce sai ya biya kuɗin fansa. Ba ya zuwa a kunne. Ni na kunna shi da hannuna, ɗana yana faɗa min ta waya, washegarin ranar da aka saka sabuwar Windows, na kuma manta. Na ce mata to a kashe shi mu huta. Ta ce, "A'a Baba, ba a korar mai gadi don ya tare ɗan gida. Nuna masa ɗan gidan za mu yi." Ta saka manhajar a jerin waɗanda aka yarje wa, ta bar kariyar a kunne.

Abin da ta yi a ƙarshe shi ya fi zauna min a rai. Ta ce kwafin da ba a taɓa gwada buɗe shi ba, ba a san ko kwafi ne ba. Ta sa na mayar da na ranar a wani dosiye na gwaji, ta sake juya fuska, ta ce in duba da idona ko adadin ƙarshe ya yi daidai da wanda na sani. Ya yi. Har na bar shagon, yarinyar nan ba ta san nawa ne a lissafin ba, ba ta kuma tambaya ba. Ta sa na maimaita ajiyar sau 2 da hannuna, ta rubuta min matakan a takarda da manyan haruffa. Ta ce in riƙe kwafi 3: na kwamfuta, na faifai, da na kile wanda ba zai kwana gida ɗaya da sauran ba. Ta ce kuma in na gama in cire faifan, kada in bar shi a jone. Maigidan ya karɓi jika 3 da kuɗin kile, ya ba ni rasit ban roƙa ba.

Ina tambayar kaina me ya sa abin da ya kamata ya zama ruwan dare ya zama abin rubuta wasiƙa. Garin nan cike yake da masu allon gyaran kwamfuta a ƙofa, amma maganin yawancinsu ɗaya ne ga kowace cuta: a goge. Ba sa tambaya me ke ciki, ba sa tunanin cewa hoton mahaifiyar wani da ta rasu ne, ko takardun karatun ɗalibi, ko bashin da ɗan kasuwa ke bin mutane. Wasu ma, abin takaici, in ka bar musu na'ura sai sun leƙa hotunan iyalinka. Kuma ba a shagunan gyara kaɗai abin ya tsaya ba. Ka je ofis da takardarka, wanda ke bayan tebur ya gan ka da furfura, ya bar ka tsaye yana hira, a ƙarshe ya ce ka dawo gobe, bai gaya maka abin da ya rage ba. Ka yi tambaya a ɗauke ka mai damun mutane. Mun saba da wulaƙanci har ya kai in aka ba mu kujera sai mu yi mamaki. Ni dai na koyar da yara da yawa a ƙasar nan, kuma yana yi min ciwo in ga wasunsu sun iya na'ura ba su iya mutane ba.

Maigida, ka riƙe yarinyar nan da kyau, ka biya ta abin da ya dace da ita, ka bar ta ta koya wa sauran yaran yadda ake tambaya kafin a taɓa. 'Yata, ban san iyayenki ba, amma ki gaishe su, ki ce wani tsohon malami daga Bukoki ya ce sun yi tarbiyya. Allah ya yi miki albarka, ya tsare ki kamar yadda kika tsare amanar da ba ki ma san ta wane ne ba.

Na buga lissafin shekara 9 a takarda, shafi-shafi, na sa a jaka. Kilen yana wurin ƙanwata a Talaje. Ranar Asabar da asuba zan hau mota zuwa Tawa, in Allah ya yarda.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin lissafi, unguwar Bukoki, Yamai.