A riƙa tambayar uwa ko ɗanta yana nuna mata abu da yatsa

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana da ma'aikatan asibiti da 'yan'uwana mata kan galahanga, lalurar da ke shafar yadda yaro yake magana da hulɗa da mutane.

Autana yana da wata 20 ranar da hankalina ya fara tashi. Jirgin sama ya gifta ta saman gidanmu, sai 'yar maƙwabciyata, wadda ya girme ta, ta ɗaga yatsa, ta juyo ta dubi uwarta, ta sake duban sama. So take uwarta ta gani tare da ita, shi ke nan. Nawa kuwa yana gefe yana murza murfin kwalba. Idan yana jin ƙishirwa sai ya ja hannuna ya ɗora kan randa, bai dubi fuskata ba. In na ce "ga akuya!" na nuna, ko waiwaye.

Hajiya, uwar maigidana, ta ce miskili ne, babansa ma bai yi magana da wuri ba. Wasu suka ce kurma ne, wasu suka ce iska. An gwada kunne, lafiya lau. Sai da ya shekara 4 likita ya ce mana galahanga ce, wadda ake kira otizim. Ya bayyana mini cewa kafin baki ya buɗe, yaro kan fara bin abin da aka nuna masa wajen shekara guda, zuwa wata 18 kuma shi da kansa yake nunawa. Mu duk magana muke jira, alhali alamar tana gabanmu.

Na kai shi riga-kafi a wata 9 da wata 15, an auna nauyinsa, an cika kati. Ba wanda ya tambaye ni ko yana nuna mini abu da yatsa, ko yana juyowa in an kira sunansa. Wannan tambaya ba ta cin ko kwabo. Don Allah a sa ta cikin aikin ranar awo, a kuma faɗa wa uwa inda za ta kai yaron.

Yanzu nakan ajiye ɗinki in zauna ƙasa, in ɗauki nawa murfin in murza kusa da fuskata, in dakata in jira shi. Wata da watanni muna haka. Makon jiya ya kawo mini murfi ja, ya miƙo, ya dube ni cikin ido kafin ya koma wasansa.

Wata uwa, mai ɗinki,
Sabon Gari, Zariya